Jega, Kasuwar Ƙasar Gwandu

Duk wanda ya nufi fahimtar asalin Jega, wajibi ne ya fara da Gimbana, inda Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna da jama'arsa har rundunar Gobir ta afka musu, lamarin da ya zama sanadin hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Amma ƙaddara ta riga fata, domin shi wannan malami daga bisani ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yaƙe shi a Kware, ya rasu a 1818. Ɗansa Buhari kuwa, bayan an yi sulhu, shi ya kafa Jega wajen 1820 a ƙarƙashin mulkin Gwandu, sarautar gidan kuma har yau Sarkin Kabi ake kiranta.

Abin al'ajabi shi ne, garin da aka assasa bayan fitina bai shahara da takobi ba sai da ciniki. Da yake yana bakin gulbin Zamfara, bisa hanyar fatake masu zuwa Gwanja, goro da gishirin Foga da dawaki da tufafin Nufe duk a nan suke haɗuwa a wancan zamani, har da bayi, abin da bai kamata mai tarihi ya ɓoye ba. Baƙo, ko Bayarabe ne daga Ilori ko Bazabarme, yakan sauka wurin fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya nemo masa dillali, ya kuma tsaya masa in an yi bashi. In husuma ta fi ƙarfinsu, sai alƙali.

Yau albasar Aliero, maƙwabciyar Jega, ita ce ta gaji wancan suna a manyan motoci masu zuwa kudu.