Thug

Thug, suna ne a Turanci, jam'insa thugs. Ma'anarsa ɗan daba ko ɗan banga, watau mutum maras imani wanda ya mai da duka da sara sana'a, galibi kuwa hayarsa ake yi don a tsorata abokan hamayya.

Asalin lafazin daga harshen Hindi yake, thag, watau mazambaci, kuma da shi aka riƙa kiran waɗansu 'yan fashi na ƙasar Indiya waɗanda sukan shiga ayarin matafiya da ladabi da fara'a, a yi kwana da kwanaki ana ci ana sha tare, sai an saki jiki, sa'an nan su shaƙe mutane da ƙyalle, su binne gawawwaki, su kwashe dukiya. A shekarun 1830 hukumar Ingilishi ta ɗora wa William Sleeman aikin murƙushe su, littafin Philip Meadows Taylor na 1839 kuwa ya yaɗa sunan a Ingila, ko da yake waɗansu malaman tarihi suna ganin an ƙara wa labarin gishiri don halatta mulkin mallaka.

Thug ya bambanta da hooligan, lafazin da ya bazu a jaridun Landan a 1898, wanda ma'anarsa matashi ne mai ta da tarzoma a titi ko a filin ƙwallo.