Daga Majusawa zuwa Majigi

Bayan an tashi sujada ranar Lahadi, wata daga cikin zumuntar mata ta tare ni a bakin ƙofar coci da waya a hannu. 'Ya'yanta sun dame ta da wani fim, ita kuma ta hango tsoho mai farin gemu da doguwar sanda a jikin hoton. Ta ce, "Malam, wannan ba na matsafa ba ne?" Na ce, "Mama, bari in duba sunansa tukuna." Ta zaci sunan fim ɗin nake nufi. Ni kuwa sunan irinsa nake nema.

Turawa suna ce wa irin waɗannan finafinai fantasi. Mu fa? Na ji an ce fim ɗin almara, na ji na tatsuniya, na ji na aljanu, na ji na tsafi. Wanda ya ce tatsuniya ya riga ya ba yaro izini. Wanda ya ce tsafi ya riga ya kashe talabijin. Tun a wurin raɗin suna aka yanke shari'ar.

Fantasi daga Helenanci ta fito, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Saiwarta aikatau ne mai nufin bayyanawa, a sa abu ya fito fili ido ya gan shi. Da almajirai suka hango Yesu yana tafiya a kan ruwa da dare, a Matiyu 14, kalmar da suka kurma ihu da ita ita ce fantasma, wato fatalwa. Idin da ikkilisiyoyi da yawa ke yi ranar 6 ga Janairu, na bayyanar Almasihu ga al'ummai, sunansa Efifaniya, shi ma daga saiwar nan. Ashe fatalwa da bayyanar Mai Ceto ciki ɗaya suka fito.

Fantasiya ita kanta sau ɗaya tak ta fito a Sabon Alkawari, a Ayyukan Manzanni 25, inda sarki Agaribas da Barniki suka shigo zauren shari'a don su saurari Bulus. A can ma'anarta ƙasaita ce, ado da fankama da 'yan rakiya. Wanda ya taɓa kallon hawan salla a Garwa ko Marwa ya ji masu Faransanci suna kiran sukuwar dawakin nan fantaziya. A alƙalamin Luka dai kalmar ta fi kusa da alkyabba bisa ga aljani.

Amma ba fantasi ce ke hana iyaye barci ba. Majik ce.

A tsohuwar Farisa akwai wani rukunin firistoci masu kula da wuta da hadaya da fassarar mafarki, ana ce wa ɗayansu magush. Helenawa suka ara, suka ce magos, jam'i magoi. Da yake sana'ar baƙuwa ce a idonsu, sai sunanta ya zama sunan duk wani aikin asiri. Daga nan ta shiga Latin, ta ratsa Faransanci, ta sauka a Turanci.

Baƙin da suka biyo tauraro daga gabas a Matiyu 2, da zinariya da lubban da mur, magoi ne. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya ce da su masana taurari, yara kuma rige-rige suke yi su fito a matsayinsu a wasan Kirsimeti, da rawanin zanen uwarsu. Alimas na tsibirin Kubrus, wanda Bulus ya tsawata wa har ya makance na ɗan lokaci a Ayyukan Manzanni 13, shi ma magos ne. Ko harafi ɗaya bai canza ba. Masu fassara ne suka dubi aikin kowa suka raba musu suna, waɗancan masana, wannan mai sihiri. Da za a hana yaro duk labarin da ke da magos a ciki, da wasan Kirsimeti ya rasa mutum uku. (Matiyu bai ce su uku ba ne, kyaututtukan ne uku. A yi mini afuwa, ba na iya wuce wannan.)

Abin da ya fi burge ni shi ne kalmar ta iso ƙasar Hausa har sau biyu, kuma ta ƙofa biyu.

Zuwan farko ta hamada ne. Larabawa sun ce majus, kalmar ma tana cikin Suratul Hajji, malamanmu suka ce Majusawa, masu bautar wuta. Masana da dama suna ganin daga nan aka samo Maguzawa, sunan Hausawan da suka tsaya kan addinin kakanni. Mutanen gari suna da nasu bayanin, wai daga gudu ne, gudun salla. Yana da daɗi a kunne, amma na Larabcin ya fi zama. To, yau majami'u da yawa a ƙauyukan Kano da Katsina jikokin Maguzawa ne suka cika su. Yaron da ya naɗa rawani a wani ƙauyen Malumfashi ya fito a matsayin magos, tsohon sunan gidansu ya sa bai sani ba.

Zuwa na biyu ta teku ne. Tun ƙarni na 17 Turawa ke da wata fitila mai haska zanen gilashi a bango, suna ce mata fitilar majik. 'Yan mishan sun yi wa'azi da ita ba kaɗan ba. A 1854 David Livingstone ya haska hoton Ibrahim da wuƙa a kan Ishaku a fadar wani sarki mai suna Shinte; da ya zare gilashin, wuƙar ta yi kamar ta nufo 'yan kallo, mata suka watse da gudu. Da motocin gwamnatin Turawa suka fara yawo garuruwan Arewa suna nuna finafinan tsafta da noma a ƙofar fada, sunan fitilar nan ne ya bi su, bakin Bahaushe ya lanƙwasa shi ya zama majigi. Wasu kuma suka ce dodon bango. Kafin a tambayi abin da ke cikin fim, na'urar kanta da sunan sihiri da na dodo ta shigo mana.

Inda Bature zai ce majik ya wuce, Bahaushe sai ya tambaya: wanne? Sihiri aro ne daga Larabci, kalmar littafi ce. Tsafi yana da wurin yanka da abin da ake yanka wa. Boka ana zuwa wurinsa da buƙata da baƙar kaza. Mai duba ƙasa yake bugawa. Ɗan dabo a kasuwa yake, kowa ya san rufa-ido ne, ana tafa masa a jefa masa kuɗi. Maye kuwa ba ya buɗe shago, kurwa yake kamawa. Maimaitawar Shari'a 18 ita ma ba ta yi jimla ba, ɗaya bayan ɗaya ta lissafa: mai ƙona ɗansa hadaya, mai duba, mai sihiri, mai neman shawarar matattu. Abin da ya haɗa su shi ne mutum ya je neman iko ko sanin gaibu a wata ƙofa ba ta Allah ba.

Bulus ma, da ya lissafa ayyukan jiki a Galatiyawa 5, kalmar da aka fassara da sihiri farmakeya ce, wadda ta haifi famasi, kantin sayar da ƙwayoyi. Wannan ba ya ba Bahaushe mamaki. "An ba shi magani" asibiti ne. "An yi masa magani" kuwa sai a koma gefe a yi ƙasa da murya.

Sai mu koma wurin tsohon mai sanda. Gandalf ne, na finafinai uku da Peter Jackson ya fitar daga 2001 zuwa 2003 bisa littattafan J.R.R. Tolkien. Sunan daga tsohon harshen mutanen Arewacin Turai aka ɗauko shi, kuma rabinsa na farko sandar asiri yake nufi, don haka Mama ba ta yi kuskuren gani ba. Lakabinsa na Turanci, wizad, asalinsa mai hikima. Tolkien, wanda Katolika ne na gaske, ya bayyana a wasiƙunsa cewa ɗan aike ne aka sa wa jiki, kusa da abin da za mu kira mala'ika. In aka gwada masa sunayenmu, ba wanda ya zauna. Ba a kai masa kaza, ba ya kiran iska, ba ya buga ƙasa. Abu ɗaya a labarin da ya yi kama da kayan tsafi shi ne wani zobe, an miƙa masa ya ƙi karɓa, kuma duk wahalar da aka sha ta kai zoben wuta ce. Matsalar fim ɗin ga ƙaramin yaro a wani wuri take: kawunan da ake sarewa da dodannin da za su biyo shi gado.

C.S. Lewis, abokin Tolkien, ya fi shi ƙarfin hali da kalmar. Narnia, ƙasar labaransa, sunan Latin ne na wani ƙaramin gari a Italiya, Narni; Aslan, sunan zakin labarin, kuma zaki ne da Turkanci. A littafin 1950, wanda aka mayar fim a 2005, dokar da ta ce jinin maci amana halal ne ga muguwar farar matar labarin, sihiri ya kira ta. Tsohuwar dokar da ta ta da zakin bayan ya mutu a madadin mai laifi, ita ma sihiri ya kira ta, mai zurfin da ya wuce na farkon. Ya ari sunan da fasto ke tsoro ya sa wa abin da fasto ke wa'azi a kai ranar Ista.

Akwai kuma akasin haka. A fim ɗin The Golden Compass na 2007 azzalumar hukumar sunanta Majisteriyum. Kunne zai ce 'yar'uwar majik ce, alhali babu dangantaka: daga kalmar Latin ta malami take, kuma ita ce sunan da Cocin Katolika ke kiran ikonsa na koyarwa. Marubucin littafin, Philip Pullman, bai ɓoye rashin imaninsa ba. Mai zaman jiran sandar sihiri zai bar wannan ya wuce ta gabansa.

Haruffan da ake mannawa a kwali ba sa raba wannan gardama. Amurka ta fara sa wa finafinai daraja a 1968, ta ƙara PG-13 a 1984. Jini suke aunawa da ashar da tsiraici da firgita. Narnia ta sami PG, na Gandalf duka uku PG-13. Suna gaya maka ko yaro zai yi mafarki, ba ruwansu da Maimaitawar Shari'a. Mu kuma muna cewa tace fim, kamar gasara. Kalma ce mai kyau, muddin mai tacewar ya tuna abin da Yesu ya faɗa game da sauro da raƙumi.

Kakanninmu suna da nasu kwalin. Ana buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku", har a wasu wurare gatana ce sunan tatsuniyar, a rufe da ƙurunƙus, a ɗora wa Gizo laifin ƙaryar. Tsakanin ƙofofin nan biyu kura na magana, Dodo na haɗiye gari, ba kuma yaron da ya tashi da safe ya nemi Dodo ya bauta masa. Littafi Mai Tsarki ma ya san wannan salo: a Littafin Mahukunta 9 Yotam ya ba da labarin itatuwa da suka fita neman sarki har suka ƙare a wurin ƙaya. Tatsuniyoyin tsofaffin mata da Bulus ya gargaɗi Timoti a kansu ƙarya ce da ake sayarwa da sunan koyarwa, ba a rufe ta da ƙurunƙus ba.

Harry Potter ne ya fi wuyar suna. A Ingila, 1997, littafin farko dutsen masanin falsafa ne. Da ya haye Amurka a 1998, masu bugawa suka ji tsoron falsafa za ta kori yara, suka mai da shi dutsen mai sihiri. Dutsen bai canza ba, amma kasuwa ta buɗe, rigima ma ta buɗe: ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta sa jerin littattafan a kan gaba cikin waɗanda aka fi neman a cire tsakanin 2000 da 2009. Masu kare shi suna cewa kalmomin da ake furtawa Latin ne na wasa, ba a kiran iska, jaruman ba sa yanka, a littafi na ƙarshe ma akwai ayoyi biyu na Sabon Alkawari a kan kaburbura. Masu suka suna cewa a makarantar nan har darasin duba ake yi da ganyen shayi, duba kuwa abu ne da ake yi a bayan gidanmu. Ina ganin kowa yana da ƙafar tsayawa.

Amma akwai hujja ɗaya da ke kwantar wa uba Ba'amurke hankali, ni kuwa ta tsinka mini zuciya. Sukan ce ai a labarin ba a koyon ikon daga waje, da shi ake haihuwar mutum, don haka yaro ba zai iya kwaikwaya ba. Ikon ɓoye da ake haihuwar mutum da shi, yana bin jini, maƙwabta ba su sani ba: a Hausa wannan maita ce. A Ingila mayya tsohuwar kalma ce ta cikin littafi. A wurinmu kalma ce da ake jifan mutum mai rai da ita, kuma an kori tsofaffi daga gidajensu, an azabtar da yara, saboda ita.

Na ce wa Mama babban cikin 'ya'yanta ya kalli na Gandalf, ƙananan su jira, Narnia kuwa su zauna su kalla tare. Na roƙe ta abu ɗaya. In farar matar nan mai mai da mutane duwatsu ta fito, yara suka ce wace ce, ta ce muguwar sarauniya, kada ta ce mayya. Sarautar ƙasar ta ƙwace, kuma da kambi take yawo, don haka ba ƙarya aka yi ba. A ƙarshen layinsu akwai wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai.