Yadda Sojojinmu Suka Zauna Cikin Jirgin Ruwa a Hanyar Bama, 1943

Jama'ar zango, manya da yara, kowa ya san Burma Camp a Ankara, da barikin Myohaung a Takwaradi, da na Kaladan a Tamale. Duk sunayen wuraren da kakanninmu suka gwabza da sojan Japan ne a ƙasar Bama. Amma akan manta da cewa kafin su ga Bajapane ko ɗaya, sai da suka yi wajen mako biyar bisa teku. Labarin farkon wannan tafiya muke so mu bayar.

A cikin watan Maris 1943 aka kafa runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, a ƙarƙashin Janar Woolner. Birget uku gare ta: ta 3 mutanen Nijeriya, ta 5 mutanen Gwalkwas, watau Gana ta yau, ta 6 kuwa gamin gambiza ce ta Nijeriya da Saliyo da Gambiya. Da yawa cikin sojan Gwalkwas 'yan Arewa ne, Dagwamba da Farafara da Gurunsi da Moshi da Zabarmawa da Hausawa. Harshen da ya haɗa su a bariki shi ne Hausa, har taken rundunarsu ma da Hausa yake, watau Kullum Shiri. Akasarinsu manoma ne da 'yan ci rani, ruwan da suka sani mafi girma bai wuce Kwara ko Firau ba.

Ayarin farko ya tashi daga Ikko cikin Yuli 1943. A lokacin Bahar Rum bai zama lafiya ba tukuna, saboda haka tilas a gangara kudu, a kewaye ƙasan Afirka, sa'an nan a miƙe zuwa Bombai. Hanyar kuwa ba ta wasa ba ce. A dare ɗaya, ƙarshen Afrilu na shekarar, jirgin ƙarƙashin ruwa guda na Jamus ya nutsar da jirage bakwai cikin wani ayari da ya taso daga Takwaradi za shi Firitan. Ran 11 ga Yuli kuma jiragen sama na Jamus suka ƙone manyan jirage biyu, California da Duchess of York, daura da ƙasar Fotugal, mutum fiye da 100 suka hallaka. Su ne aka aiko su kwashi sauran rundunar. Dalili ke nan da ya sa sauran suka yi ta jira har aka sami waɗansu jiragen.

To, yaya zaman yake? Jiragen nan na fasinja ne a dā, aka mai da su na soja, aka cusa musu mutane fiye da kima. Hafsoshi Turawa na ɗakunan sama, ƙananan soja na ƙasa, inda iska ba ta kai wa sosai. Wani ya kwana a ragar da ake ratayewa, wani a kan tebur, wani a daɓe, jakarsa ce matashinsa.

Abokin gaba na farko shi ne hajijiyar teku. Yuli damina ce, igiyar ruwa tana da ƙarfi. Da ƙasa ta ɓace, sai ka ga ƙato wanda yake ɗaukar buhu bisa kansa ya zube, ba ya iya ɗaga kai, sai amai. Ba ruwan ciwon nan da igiyar hannu, samanja da kurtu duk ɗaya. Bayan kwana uku ko huɗu ciki yakan zauna, ƙafa ta saba da rangajin jirgi, mutum ya soma tambayar abinci.

Daga nan sai kwanaki su zama iri ɗaya. Da asuba a tashe su, a naɗe shimfiɗa, a wanke daɓe, a jeru hafsa ya zo dubawa. A hau sama kamfani kamfani don motsa jiki, gama fili ba ya ɗaukar kowa gaba ɗaya. Sa'an nan a share bindiga, domin iskar gishiri tana sa ƙarfe tsatsa nan da nan. Akan kuma zaunar da su a koya musu Turanci, don a zamanin yaƙin nan hukumar soja ta matsa a kan haka. Abinci bi da bi ake karɓa, kuma ba tuwon gida ba ne. Mai cin goro kuwa sai ya dinga tsaga shi ƙanana, don ya san ba kasuwa a gaba.

Babban darasi shi ne na ƙararrawa. Kowa yana da rigar da ke hana nutsewa, ba ya rabuwa da ita ko wajen barci. In an buga ƙararrawa, kowa ya bi matakalar da aka nuna masa, ya tsaya daidai inda aka ce, ba gudu, ba turereniya. Ana maimaita wannan har ya zama jiki. Dalilinsa a fili yake: mutane dubbai ne a ƙasa, matakala ƴan kaɗan ne, yawancinsu kuma ba su iya iyo ba. In tsoro ya kama mutum ɗaya ya toshe hanya, ya kashe na bayansa duka. Da magariba a rufe tagogi, ba fitila, ba ƙyasta ashana a waje, gama ɗan haske kaɗan ya isa ya tona asirin ayari. Jiragen kuma ba sa tafiya sak, sai su karkata dama su karkata hagu, don kada mai hari ya sami saiti.

Ga Musulmi akwai wata matsala. Ruwan daɗi da awo ake ba da shi, wanka sai da ruwan gishiri. Nan kam shari'a ta sauƙaƙa, don ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, matafiyi kuma yana da ƙasaru. Alƙibla ce ta fi rikitarwa. Mu nan tun muna yara in an ce a fuskanci gabas mun san salla ake nufi. Amma da aka kai wajen Keftawun, Makka ta koma kusan arewa. Da aka isa Bombai tsakiyar Agusta, sai ga ta a yamma, inda rana take faɗuwa. Haka kuma suka tarar da sanyi a kudancin Afirka cikin Yuli, alhali sun baro damina a gida. Lalle tafiya mabuɗin ilmi ce.

A ganinmu, cikin waɗannan makonni ne taron nan ya zama runduna. A bariki mutum yana iya komawa ga ƴan garinsu da yamma. Cikin jirgi ba wurin komawa. Wanda ya riƙe maka bokiti ran da kake amai, ko Bafarafare ne ko Bayarabe, ya zama ɗan'uwa. Wannan shi ne zaman zango da muka gada, inda baƙo yake sauka ya sami masauki ba a tambayi asalinsa ba. Da wannan zumunci suka shiga kwarin Kaladan, har aka ci Myohaung cikin Janairu 1945. Waɗansu ba su komo ba, kabarinsu yana can.

Mutanen nan kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, kaɗan daga cikinsu ne kuma suka iya rubutu. Saboda haka muna roƙon samari su tambayi tsofaffin gida abin da suka ji daga bakin iyayensu. Wanda yake da takardar sallama, ko lambar yabo, ko hoto a ƙasan akwati, ya adana shi, kada gara ta cinye. Ya kuma sanar da ƙungiya, a rubuta sunan mai shi da bataliyarsa.

Allah ya ji ƙansu, ya ba mu zaman lafiya, amin.