Mata da Mahaƙan Kwal na Ingila: Tarihin da Wasan Kwaikwayo ya Adana

Gabatarwa

Sau da yawa manazarta tarihin ƙwadago kan auna gwagwarmaya da sakamakonta, in an ci nasara a rubuta, in an sha kaye a taƙaita. A wannan takarda za mu dubi wata gwagwarmaya da aka sha kaye a cikinta, wato ta matan garuruwan kwal na Ingila, domin mu nuna yadda wasan kwaikwayo ya riƙe abin da kundin hukuma ya yi wa riƙon sakainar kashi.

Asalin Gwagwarmayar

A watan Maris na 1984, zamanin Firayim Minista Margaret Thatcher, hukumar kwal ta bayyana shirin rufe mahaƙai 20, abin da zai raba mutum wajen 20,000 da aikinsu. Ma'aikata suka shiga yajin aiki na shekara guda. Da albashi ya yanke, sai mata suka kafa ƙungiyoyi, suka buɗe gidajen dafa abinci na gayya, suna tara gudummawa. Ba su tsaya ga tukunya ba. Suka riƙa tsayawa a ƙofar mahaƙai tare da maza, suna jawabi a bainar jama'a, har dubbansu suka yi jerin gwano a Landan a watan Agusta. Duk da haka, a watan Maris na 1985 aka koma aiki hannu rabbana.

A watan Oktoba na 1992 gwamnati ta sake shelar rufe mahaƙai 31. A wannan karo mata ne suka ja gaba, suka kafa sansani a ƙofar wasu daga cikinsu. A lokacin Ista na 1993 mata huɗu, cikinsu har da Anne Scargill, matar shugaban ƙungiyar mahaƙa a lokacin, suka bi ayarin masu ziyara zuwa ƙarƙashin mahaƙar Parkside, suka ƙi fitowa har kwana huɗu. Ya kamata mu lura cewa tun 1842 doka ta fitar da mata daga aikin ƙarƙashin ƙasa a Birtaniya. Ke nan ramin da aka raba kakanninsu da shi, shi suka shiga domin su kare. A watan Mayu kuma wasu matan suka mamaye wani gini a mahaƙar Trentham.

Wasanni Biyu, Hanyoyi Biyu

Daga mamayar Trentham aka sami wasan Nice Girls, wanda Peter Cheeseman ya shirya a gidan wasa na New Vic a 1993. Ƙa'idar Cheeseman ita ce, kada marubuci ya ƙagi magana. Sai dai a ɗauki muryoyin waɗanda abin ya shafa a rikoda, a tace, a ɗora a bakin 'yan wasa. Hikimar wannan a fili take. Matar da ba a taɓa neman ra'ayinta a majalisa ba, ga kalmominta ana furtawa da karin harshen garinsu, maƙwabtanta na zaune suna saurare. Idan aka yi ƙari ko ragi, masu abin suna nan, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Saboda haka wasan ya zama shaida, ba nishaɗi kaɗai ba.

Hanya ta biyu ita ce ta Maxine Peake a wasanta Queens of the Coal Age, wato sarauniyoyin zamanin kwal, a kan mamayar Parkside. An fara sa shi a rediyon BBC a 2013, sannan ya hau dandamali a 2018. A tsakanin nan, a watan Disamba na 2015, aka rufe Kellingley, mahaƙa mai zurfi ta ƙarshe a ƙasar. Don haka Peake ba ta da mahaƙar da za ta ceto. Abin da ya rage mata shi ne mutanen: sanyi da duhun rami, raha da saɓani tsakanin ƙawaye, da tambayar ko sadaukarwar ta yi rana.

Kammalawa

Ba mu ce wasan kwaikwayo ya maye gurbin kundin tarihi ba, domin dandamali yakan zaɓa, yakan kuma ƙawata. Abin da muke cewa shi ne, alƙaluman hukuma sun gaya mana ranar da aka rufe Parkside da Trentham, amma ba su gaya mana yadda matar gida ta zama mai jawabi gaban dubban mutane ba. Wannan canji bai rufu tare da mahaƙan ba, kuma a waɗannan wasanni muka same shi a rubuce. Ya rage ga manazartanmu su ɗauki irin waɗannan wasanni a matsayin madogara ta tarihi, su auna su da ma'aunin da suke auna sauran.