Layi na huɗu a kan tikiti: jirgin ƙasa, jirgin fito da gujiyar Nijar

Tikitin jirgin ƙasa ƴar takarda ce da ba ta cika tafin hannu ba. Bisa al'ada abu uku ake rubutawa a kanta: tashar da za a tashi, tashar da za a sauka, da kuɗin da aka biya. Amma akwai tikitin da ke ɗauke da layi na huɗu, wanda ke gaya wa matafiyi hanyar da tilas ya bi. Irin wannan yakan fi sauran araha, domin mai shi ya sarayar da zaɓinsa. A Ingila, alal misali, an daɗe ana sayar da tikiti mai rahusa tsakanin wasu tashoshin yankin Kent da na Essex, bisa sharaɗin kada matafiyi ya ratsa ta Landan. Sai ya sauka a Gravesend, ya ƙetare kogin Thames cikin jirgin fito zuwa Tilbury, sannan ya hau wani jirgin ƙasa. Wannan fito ya daina aiki a watan Maris na 2024.

Nijar ba ta taɓa samun jirgin ƙasa mai jigilar mutane yau da gobe ba, don haka mutanenta ba su saba da irin wannan tikiti ba. Duk da haka layin na huɗu ya daɗe yana juya dukiyarta. Kaya ma suna da tasu takardar hanya, kuma gujiyar Maraɗi da Damagaram, wadda Kanawa ke kira gyaɗa, ta yi shekaru fiye da hamsin tana zuwa teku a kan takardun da wasu suka yanka wa farashi, suka kuma zaɓa wa mashigi a kogin Kwara.

Labarin ya soma ne a Nijeriya, lokacin da Ingilishi ke mulkin Kudu da Arewa a matsayin ƙasashe biyu, kowace da baitulmalinta. Gwamnatin Ikko ta fara shimfiɗa dogo a 1896. Ya kai Ibadan a 1901, Ilori a 1908, sannan ya tsaya a bakin Kwara, a Jabba, a 1909. Gwamnatin Arewa kuwa ba ta so kayanta su dogara ga tashar Ikko. A 1907, ƙarƙashin gwamna Percy Girouard, wanda injiniyan dogo ne tun asali, ta fara nata layin daga Baro, wani ƙauye a gaɓar Kwara, zuwa Kano. Dabarar ita ce a rage tsawon ƙarfe, a bar wa kogi sauran aikin, tun da ruwa ba ya bukatar shimfiɗa. Dogon ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. A wannan shekarar layin Ikko ya haɗu da shi a Minna.

Ke nan ɗan kasuwar Kano yana da hanya biyu, kowace da ruwa a tsakiyarta. In ya bi ta Baro, tafiyar jirgin ƙasa gajera ce, amma sai a sauke kaya, a loda su cikin jirgin ruwa zuwa Burutu ko Forcados, a sake juye su cikin jirgin teku. Babban cikas shi ne manyan jirage ba su isa Baro sai lokacin cikar kogi, daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka. Gujiya kuwa ba ta shiga kasuwa sai bayan kaka, daidai lokacin da ruwan ke janyewa. In ya bi ta Ikko, ba ruwansa da lokacin shekara, amma akwai Jabba. A can kogin ya rabu biyu ya kewaye tsibiri, kuma reshen kudu ba shi da gada. Wani jirgin fito mai suna Fabius, wanda aka shimfiɗa wa dogo a bisansa, shi ke ɗaukar taragai kaɗan-kaɗan yana kai su ɗaya gaɓar. Duk tsawon jirgin ƙasa, sai an yanyanka shi a bakin ruwa, matafiya da kaya su jira a sake haɗa shi.

Turawa auduga suka sa rai za ta cika taragan. Manoma suka zaɓi gujiya, domin ta fi kuɗi, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Abin da Nijeriya ta fitar bai kai tan 3,000 ba a 1912, sai ga shi ya haura tan 19,000 a 1913. Irin wannan lodi ya fi ƙarfin jirgin fito ɗaya. A watan Oktoba na 1912 aka haɗe layukan biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya, a 1914 aka haɗe Kudu da Arewa, a 1916 kuma aka buɗe gadar Jabba. Da hannu ɗaya ya riƙe alƙalamin farashi, ribarsa tana ga kayan da suka yi doguwar tafiya bisa ƙarfe har Ikko. Baro, wadda aka gina don ta zama ƙofar Arewa, ta koma reshe mai jiran cikar ruwa. Haka aka maimaita a layin gabas: jirgin fito ne ke ƙetarar da taragai a kogin Binuwai, a Makurɗi, har zuwa buɗe gada a 1932.

Wannan sauyi bai tsaya a kan iyaka ba. Damagaram ce babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926, kuma tsakaninta da Kano bai kai kilomita 250 ba. A 1911 Italiya ta afka wa Tarabulus, ayarin raƙuma na hamada, wanda dama ya yi rauni, ya ƙara durƙushewa. Fatake suka juya fuska kudu. Da rassan dogo suka kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, sai jirgin ƙasan Ingilishi ya matso dab da gonakin Maraɗi da na Damagaram. Kamfanonin saye irin su CFAO da SCOA suna auna gujiya a kasuwannin Nijar, amma ta Nijeriya take fita.

Faransa ba ta ji daɗin haka ba, kuma tana da dalilai. Kuɗin jigila a Nijeriya da fam na Ingila ake biya, alhali Nijar tana yankin sefa tun 1945. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma jiragen Nijeriya sun gaza kwashe ko da gujiyar ƙasarsu, shi ya sa dalar gyaɗa ta yi ta tashi a Kano, buhuna suna kwana shekara a rana. Saboda haka a 1953 hukumomin Faransa suka ƙaddamar da wani shiri mai suna Opération Hirondelle, wato aikin tsattsewa. Sunan ya dace da motocin da ke gangarawa kudu da gujiya, su dawo da siminti, man fetur da kayan kanti. Hanyar ita ce daga Maraɗi zuwa Doso, daga Doso zuwa Gaya, a ƙetare Kwara zuwa Malanbil, a bi ta mota har Paraku, inda dogon Dahome ya tsaya tun 1936, sannan jirgin ƙasa ya yi kilomita 438 zuwa Kwatano.

In aka auna da igiya, hanyoyin biyu ba su da babbar tazara a tsawo. Bambancin yana ga abin hawa. Ta Kano, mota ba ta yin fiye da kilomita 300, jirgin ƙasa ya ɗauki sauran fiye da 1,100. Ta Paraku kuwa mota ce ke yin kusan kilomita 1,000, kuma dakon mota ya fi na dogo tsada nesa ba kusa ba. Ga jiran jirgin fito a Gaya, inda manyan motoci ke jeruwa a gaɓa. Ga shi Kwatano ba ta da tasha mai zurfi sai a 1965. Kafin nan ƙananan jirage ne ke kai buhuna ga manyan da ke tsaye cikin teku. Hanya irin wannan ba ta iya yin araha da kanta. An sa mata arahar ne da tallafi, ta yadda mai fitar da kaya ba zai yi asara ba in ya bi ta Dahome. Rahusar kuwa tana tafe da sharaɗinta: wanda ya karɓa ya yarda da Gaya, ya yarda da Paraku. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Kamar a Jabba, yawan lodi ya kori jirgin fito. A 1958 aka buɗe gadar Gaya da Malanbil, a 1959 kuma ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta OCDN, wadda ta koma OCBN bayan Dahome ta zama Benin. Ita ce ta riƙa tafiyar da dogon, ita ce kuma ta riƙa raba wa masu motoci kaya a Paraku. Abin da ya fara a matsayin tallafi na ɗan lokaci ya zama babbar jijiyar ƙasa. Gujiya ta faɗi a shekarun 1970, sakamakon fari da cuta, amma hanyar da aka sassaƙa dominta ta ci gaba da ɗaukar uraniyum zuwa teku, da shinkafa, magani da mai zuwa cikin gida. Dogon da aka yi ta alkawarin zai tashi daga Paraku ya ƙetare kogi bai taɓa isowa Gaya ba. Wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, kimanin kilomita 140, bai haɗu da kowane layi ba, bai kuma shiga jigilar kasuwanci ba.

Farashin wannan dogaro ya fito fili bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya rufe iyaka. Ɗaruruwan motoci suka maƙale a Malanbil, kayan masarufi suka yi tsada a kasuwanni, matafiya da ƴan tireda suka koma ga kwalekwale a gindin gadar da aka gina don a huta da fito. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren, aka karkata manyan kaya zuwa Lome ta Burkina Faso, hanya mai tsawo da haɗari.

Darasin da malamin tarihi zai iya ɗauka zuwa aji a nan shi ne taswira kaɗai ba ta bayyana hanyar da kaya ke bi. Girouard ya zaɓi Baro don kare baitulmalin Arewa, hukumar dogo ta fifita Ikko don ribarta, Faransa ta biya kuɗin Gaya don kare sefa, kuma a duk zaɓin nan uku ba a tambayi manomin da ya cika buhun ba. Duk inda aka ga hanya mai rahusa da sharaɗi a gindinta, ya kamata ɗalibi ya tambaya: wa ke biyan ragin, kuma a hannun wa mashigin kogin yake?