Baƙuwar Bishiyar da Ta Mamaye Dazuzzukan Amurka

A shekarar 1756 ne John Bartram, masanin tsirrai na birnin Filadelfiya, ya nemo irin bishiyar mapul ta Norway daga Landan. Da cuta ta halaka bishiyoyin elm a ƙarni na 20, birane suka cika titunansu da ita, domin tana jure hayaƙi. Sai iska ta kwashe 'ya'yanta zuwa dazuzzuka, inuwarta mai duhu ta hana mapul ta gida tsirowa, wadda ake tatsar ruwan zaƙi daga jikinta. Jihohin Massachusetts da New Hampshire sun haramta sayar da baƙuwar. Yau mazauna garuruwa ke tumɓuke ƙananan, suna sare manyan. Suna gane ta da farin ruwan da ke fita idan an tsinke ganyenta.