Binciken Magungunan Ciwon Suga: Inda Aka Dosa da Inda Ake Karkata

A da, idan sabon magani ya sauke sukarin jini, ana ɗauka ya wadatar. Ma'aunin da aka fi dogara da shi kuwa shi ne HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin mutum na kimanin wata uku.

Maganin rosiglitazone ne ya sauya wannan tunani. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 1999. A 2007, Dokta Steven Nissen ya haɗa sakamakon gwaje-gwaje 42, ya nuna cewa masu shan sa sun fi fuskantar toshewar jijiyar zuciya. A 2008 FDA ta wajabta wa kamfanoni su tabbatar cewa sabon maganin suga ba ya cutar da zuciya, a 2010 kuma Turai ta dakatar da rosiglitazone.

Daga nan manyan bincike suka koma kan zuciya da ƙoda. A 2015, gwajin EMPA-REG da ya ƙunshi mutum 7,020 ya nuna empagliflozin ya rage mutuwa ta dalilin cututtukan zuciya da kashi 38 cikin ɗari. A 2016 gwajin LEADER ya nuna amfani makamancin haka ga liraglutide. Wannan ci gaba ne na gaske.

Sai dai akwai abin lura. Kamfanonin da ke sayar da magungunan su ne suka ɗauki nauyin waɗannan gwaje-gwaje. Hakan ba ya nufin sakamakon ƙarya ne, amma mai kuɗin shi ke zaɓar tambayar da za a yi. Shi ya sa aka fi kwatanta sabon magani da ƙwayar da babu magani a cikinta, ba da tsohon magani mai araha ba. Da aka yi kwatancen kai tsaye a gwajin CAROLINA na 2019, linagliptin bai fi tsohon glimepiride kare zuciya ba, ko da yake ya fi shi ƙarancin jawo faɗuwar suga. Metformin kuwa, wanda ake fara ba mafi yawan masu nau'i na biyu, babbar hujjarsa har yanzu ita ce binciken UKPDS na Birtaniya da aka wallafa a 1998. Babu kamfanin da zai ci riba sosai idan ya sake gwada shi.

Akwai kuma batun su wane ne aka gwada. A EMPA-REG, baƙaƙen fata kusan kashi 5 ne kacal, kuma duk mahalarta suna da cutar zuciya ko ta jijiyoyin jini tun kafin a fara. Ba lallai ne mai shekara arba'in da aka gano ciwonsa bara ya samu amfani daidai da nasu ba. Shi kansa HbA1c yakan ba da sakamako mara inganci ga masu sikila ko ƙarancin jini, abubuwan da suka yawaita a Najeriya da Nijar. Ga irin waɗannan marasa lafiya, likita kan fi dogara da awon sukarin jini kai tsaye wajen tantance ko maganin yana aiki.